Farin da Sidiku Ya Ƙi Gogewa

Sidiku ɗan garin Salaga ne, jikan fataken goro. Ubansa doya ya sayar har ya rasu, shi kuwa kyamara ya ɗauka, ya buɗe shago bakin tashar mota a Yendi. Shekara ashirin da shida yana bin suna da biki. Gyaran hoto ne ya sa ake nemansa: ya share ƙuraje, ya cike giɓi, ya haska wadda ta ce a haska ta.

Da wannan gwanintar ya yi ɓarna. Ɗan ƙanwarsa ya riƙa fitowa a hoto da fari a tsakiyar ƙwayar ido ɗaya. Sidiku ya ɗauka laifin fitilar kyamara ne, sai ya shafe wurin da baƙi, salla bayan salla. Da idon ya kumbura aka kai yaron asibiti, likita ta ce ciwon daji ne, kuma an makara. Ta ce farin nan alama ce, da tuni an haska idon an duba. Sidiku ya je jana'izar yaron, ya koma shago.

Bayan shekara huɗu, Alhaji Aruna, mai albasa daga Bawku, ya kawo iyalinsa biki Yendi. Sidiku ya ɗauki hoton 'yar Alhajin, Hikmat, mai wata goma sha huɗu. Farin na nan a idon hagu, hoto shida cikin takwas. Alhaji ya zo shago karɓa, ya gani.

"Mai hoto, goge min wannan. Ai ka mayar min da 'ya kyanwa."

"Ba zan goge ba, Alhaji. A kai ta likitan ido."

"Yaushe ka zama dokta? Kyamararka ce ta tsufa, kamar mai ita."

"Ta tsufa. Amma yara tara na ɗauka jiya, ita kaɗai ta fito haka. Wataƙila ba komai. Ba ni ne zan faɗa ba, ba kai ba ne."

Alhaji ya fice, ya bi tasha yana cewa Sidiku mugun baki gare shi.

Ranar kasuwa Sidiku ya wanke hoton babba, ya rufe shago, ya hau motar Bawku. Ya tarar da uwar yarinyar, Mudassira, tana tankaɗe a tsakar gida. Ya miƙa mata hoton, ya ba ta labarin ɗan ƙanwarsa a tsaye, bai ko sha ruwa ba. Alhaji ya fito yana faɗa. Mudassira ta kakkaɓe hannu, ta goya Hikmat.

"Alhaji, ko ka kai mu, ko Baba mai hoto ya kai mu."

Alhajin ne ya kai su, yana mita har asibitin Tamale. Ciwon ne, amma bai riga ya bazu ya wuce idon ba. Aka cire na hagun.

Har yau Alhaji yana cewa bakin Sidiku ne ya cinye idon, kuma ba ya gaishe shi. Hikmat tana aji biyu.