Inuwar Alhaji Abdulmumin

Duk shekarun da Alhaji Abdulmumin ya yi yana ba da magani a wani asibiti a garin Largo da ke jihar Maryland ta Amurka, burinsa ɗaya ne: idan ya yi ritaya ya kafa majalisa a ƙofar gidansa na Bowie, irin wadda mahaifinsa ya riƙe a Gwale. Kaɗaici yake tsoro, ko da yake ba zai taɓa faɗa ba. Majalisa kuwa sai da inuwa.

Maƙwabcinsa Raymond ya ba shi shawara ya dasa irin bishiyoyin unguwar, masu saurin girma. Alhaji ya ce a'a, ai kowa yana da su. Shi a tsibirin Cyprus, da ya je bikin kammala karatun 'yarsa, aka kai shi kan duwatsu ya ga wata irin bishiyar oak mai ganye kore a sama, ruwan zinariya a ƙasa. Ita ya sa aka nemo masa. Bai tambayi kowa yadda take girma ba, don Alhaji ba mutum ba ne mai tambaya.

Aka kawo ta a tukunya, ba ta kai gwiwa ba. Ashe 'yar tsauni ce, ba ta san gaggawa ba, kuma ƙasar Maryland ba ta karɓe ta ba. Da sanyi ya lulluɓe ta da bargo, da zafi ya tashi da asuba ya ba ta ruwa. Matarsa Hajiya Saudatu ta ce ko 'ya'yansu ba su ga wannan gata ba.

Ritaya ta zo, bishiya ta kai ƙugu. Duk da haka ya shimfiɗa tabarma wata Asabar, ya jera kujeru, ya kira abokai. Suka zo daga Germantown, suka zagaye ta, suka yi ta ma sha Allah. Rana ta ɗan taɓa su, Dakta Fatihu ya duba sama.

"Alhaji, Allah Ya raya ta. Mu dai bari mu shiga ciki."

Suka shige falo wurin sanyin na'ura, ana jiyo dariyarsu har waje. Abin ya yi wa Alhaji ciwo ƙwarai. Ya zauna shi kaɗai, ya lura ganyen ya fara yaushi, sai ya ja kujerarsa kaɗan, don inuwarsa ta rufe bishiyar.