Ranar da na hau kanya saboda shaya

Shekarun baya, tun zamanin Turawa, ina goyon ɗana na fari, jan-baki suka sauko mana a Taloka. Tsuntsaye ne ƙanana da ba su cika tafin hannu ba, amma in suka taso daga fadamar Rima sai rana ta dushe. Gonar dawar da suka sauka da hantsi, kafin azahar sai kara.

Ana cikin haka umarni ya zo wa mai gari, wai daga Baturen gona: duk itacen da tsuntsaye ke kwana a kai kusa da gonaki, a sare shi. A bakin gonarmu kuwa akwai wata tsohuwar kanya. Wata shekarar yunwa, ina yarinya, 'ya'yanta mahaifiyata ta riƙa tsinto mana muna tsotsa har muka ga damina. Yanzu ga dawa ta tafi, ga kanyar ta yi 'ya'ya jingim, ko nuna ba su fara ba.

Tsuntsaye na kwana a kanta, ban musa ba. Amma shaya ce. Shaya ta ninka jan-baki girma. Daga nesa ka ce baƙa ce, sai rana ta doke ta ka ga tana walƙiya kamar shuɗin da ya sha bugu, idonta rawaya, ga surutu kamar mata a bakin rijiya. A kogon itace take ƙwai. Yini take a ƙasa tana tsintar fara da gara, in baure ko kanya sun nuna ta ci rabonta. Jan-baki kuwa can cikin ƙayar fadama suke kwana.

Na faɗa wa maigidana haka. Ya ce, "Umurnin sarakuna na. Mi za mu yi?"

Da safe na hango masu gatura tafe, kawuna a gaba, don shi ne ɗan aiken mai gari. Na miƙa wa mahaifiyata yaron, na ɗaure zane tamau, na kama kanya na hau. Ni da ko katanga ban taɓa hawa ba! Har yau ban san yadda na kai wannan reshen ba.

Kawu ya ɗaga kai. "Ke ɗiyar ga, mi ya kai ki bisa?"

"Zamne nike, Kawu."

"Sabko!"

"Allah shi ba ka haƙuri, Kawu, ba ni sabkowa. Tsuntsun da anka aiko ku dominai can shike fadama. Wagga shaya ta."

Ya ce tsuntsu dai tsuntsu ne. Wani cikin mutanensa ya harbo shaya ɗaya da danƙo, ya farke cikinta a kan ganye don a raba gardama. Ga ƙafafun fara, ga fikafikan gara. Sai kuma ga 'yan ƙwayoyin dawa a tsakiya. Ban yi zaton haka ba.

"To, kin gani?" in ji Kawu.

Na ce, "Na gani. Kajin gidanka ma suna cin dawa, Kawu. In an gama da kanya sai mu tahi mu rushe akurkinka."

Masu gatura suka kwashe da dariya. Kawu ya fusata, ya karɓi gatari da kansa. Sai mahaifiyata, wadda yayarsa ce, ta tako da jikanta a baya, ta zauna ta jingina da gindin kanyar, ta miƙe ƙafafu. Ba ta ko dube shi ba. Ta ce, "Sara, ƙanena."

Kawu ya saɓa gatarinsa ya wuce, sauran suka bi shi.

Nan fa jarumtakata ta ƙare. Na leƙa ƙasa, jiri ya kama ni, na rungume reshe ina salati. Sai da maigidana ya aro tsani, yana riƙe da shi ina sauka ina kuka, rabin gari na kallo.

Abin bai tafi a banza ba. Mace ba a kai ta aikin hanya, don haka maigidana aka hukunta a madadina, aka sa shi cikin masu aikin tilas wajen Rabah. Can ya ci sanyin shekarar, ya dawo ƙafafunsa duk faso, da ƙyar yake takawa. Da ya zauna ya sha fura, abin da ya fara ce mini shi ne, "In za ki sake hawa, ki fara koyon sabkowa."

Na girma na gane cewa taurin kai ba mai shi kaɗai ke ɗaukar nauyinsa ba, kuma wannan yana damuna har yau. Amma da na yi shiru, da an kashe itacen da bai yi laifi ba don kawai ba wanda ya tsaya ya dubi tsuntsun da kyau. Na ba maigidana haƙuri kan ƙafafunsa, ni na riƙa shafa musu man shanu har suka warke. Kan hawan kuwa, har ya koma ga Allah ban ba shi haƙuri ba, shi ma bai taɓa nema ba.