Kawu Bukar da Leburorinsa na Ƙarƙashin Ƙasa

Duk wanda ya taɓa shiga gidan Kawu Bukar a Mairi da hantsi ya san abin da zai tarar: tsoho a kan tabarma, hula a ƙeya, yana yi wa dodo sallama a cikin kwamfuta. Ni na jawo mana. Da ya yi ritaya daga shugabancin masu haƙa rijiya, zama ya ishe shi, shi kuma ya ishi matarsa Ya Falmata, sai na kai masa tsohuwar kwamfutata don ya riƙa jin labarai. Ashe akwai wani wasa a ciki da na manta ban goge ba.

Wasan ba wuya. Kai ne mai gida a ƙarƙashin ƙasa, kana kallo daga sama, kana sa ƙananan halittu haƙa ɗakuna, manyan dodanni kuma su tare abokan gaba. Akwai maɓallin da in ka danna sai ka shige jikin halitta ɗaya, ka gani da idonta, ka taka da ƙafarta. Tun da Kawu ya gano maɓallin nan bai sake kallo daga sama ba. Burinsa ɗaya ne, ya ƙare matakin farko ba tare da ya rasa lebura ko ɗaya ba. Shekara huɗu yana nan a matakin farko.

Na ce, "Kawu, shiga babban nan mai hura wuta mana, yanzu ka gama."

Ya ce, "Wannan? Dubi tumbinsa. Bai taɓa riƙe diga ba."

"To ka tsaya daga sama ka aike su."

"Yagana, ni ba na aika mutum inda ƙafata ba ta taka ba."

Sai ya shige ɗan ƙaramin cikinsu, ya sha kwana sau biyu a lungu, ya ɓata. Ya ce, "Ina ne nan?" Na ce inda ya baro ɗazu ne. Ya ce, "To wa ya matsar da bangon?" Yana cikin binciken bango abokan gaba suka cinye gidan.

Sallamar nan ma tana da tarihi. Wata rana ya sa na raka shi Shehuri wajen wani malami abokinsa. Ya ce, "Malam, wanda ya shiga jikin wata halitta bai nemi izini ba, yana juya ta yadda ya ga dama, mene ne hukuncinsa?"

Malam ya ja buzunsa baya, ya dube ni. "Tun yaushe abin ya fara taɓa shi?"

Kawu ya ce, "Ba ni ake shiga ba. Ni ke shiga."

Malam ya ɗauko kofin ruwa, ya rasa wa zai yi wa tofi. Da na gama bayani ya fi ɗazu rikicewa. Don ya rabu da mu ya ce a dai riƙa yin sallama.

Kowane lebura Kawu ya raɗa masa suna. Ƙaramin da ya fi shiga shi ne Aisami. Wata rana abokan gaba suka rutsa da shi, Kawu ya miƙe tsaye yana cewa, "Aisami, fito! Fito, na ce!" Ni ina ta dariya har da riƙe ciki, sai na ji ludayi ya faɗi a kicin. Ya Falmata ta leƙo, ta dube shi, ta koma kicin. A lokacin ban gane ba, na zaci hayaniyar ce ta dame ta.

Da ciwo ya kwantar da shi ya kama hannuna ya ce, "Na bar Aisami a lungu. Ki fito da shi." Na ce to, a raina ina cewa zafin ciwo ne.

Bayan addu'ar bakwai Ya Falmata ta ba ni labari. Aisami mutum ne. Kafin a haife ni Kawu ya tsaya a bakin wata rijiya ya ce masa ya sauka, ƙasa ta rufta da shi. Tun daga ranar duk rijiyar da za a shiga Kawu ne ke fara sauka. Wallahi kunyar dariyar nan tawa ba ta sake ni ba har yau.

Na kunna kwamfutar. Ga ɗan leburan can a ƙuryar lungu, ya fuskanci bango. Da dannawa ɗaya daga sama zan iya ɗauke shi. Sai na yi sallama na shiga. Ni ma na ɓata, na zagi bangon yadda Kawu ke yi, sai bayan la'asar muka fito fili.

Allah ya jiƙan Kawu Bukar, ya jiƙan Aisami. Ya yalwata wa kowannensu ramin da ya sauka shi kaɗai, ya haskaka masa shi. Amin.