Tambayar da Ta Maƙale

Yau Larabar farkon wata, ranar da mai koyar da magana ke zuwa ɗakin shan magani na makaranta. Ma'aikaciyar jinya tana jera katunan rigakafi, amma idonta na kan wani mutum da ba ta taɓa gani ba. Dogo ne, ya takure a kan kujerar yara, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Farcensa duk baƙin mai, da alama gareji ya rufe ya taho. Ko gaisuwa da ka ya yi ta. A ranta ta ce, wannan akwai shan ƙamshi.

'Yarsa mai in'ina tana gefensa, riƙe da bakin rigarsa.

Mai koyarwar ta miƙa masa takarda. "Baban yarinya, ni sai wata mai zuwa, aikin yana hannunka. Kullum ka karanta mata kalmomin nan a hankali tana maimaitawa. Akwai tambaya?"

Ya buɗe baki. Leɓunansa na rawa, jijiyar wuyansa ta miƙe, yana bugun cinya da tafin hannu, amma kalmar ta ƙi fitowa. Jikin ma'aikaciyar jinya ya yi sanyi. Duk cikin kwabar magungunanta babu maganin wannan.

Yarinyar ta ɗago kai. "Ba-Baba c-cewa yake, mun gode."

Ya ninke takardar a hankali, ya sa a aljihu. Kowa a ɗakin ya san ba abin da ya so faɗa ba ke nan.