Yadda Aka Ƙwace Mini Mai Bandar Kifi

Shekarar da na gama makaranta, ina zaune a gidanmu a Haɗejiya, na fara rubuta labari a waya. Jarumata mai bandar kifi ce, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku a wani ƙauye na bakin kogi. Kullum bayan la'asar nakan tura shafi ɗaya a wani zauren masu karatu na intanet, in ƙura wa wayar ido ina jiran sharhi.

Sharhi kuwa ya zo. Wata ta ce ƙarnin kifi ya ishe ta. Wata ta ce a ba matar miji mai mota. Wani ya ce bai taɓa ganin jaruma da kaushi a ƙafa ba. Ni kuma, don kar su watse, abin da aka faɗa da yamma shi nake cusawa da safe. Kafin wata biyu matar ta bar banda, ta yi fari, ta koma Abuja.

Ana haka yayata da ke aure a Guri ta haifi na huɗu, Inna ta tura ni in taya ta jego. Wata safiya ina iza wutar ruwan wanka da hannu ɗaya, ɗayan na kan waya, sai ta ce in karanto mata abin da ya hana ni kallon mutane. Na faro daga farko. Tana shayarwa tana saurare, har na kai Abuja.

"Tsaya," in ji ta. "Ina yaran nata uku?"

Na koma baya na duba. Tun shafi na goma sha biyu ban sake ambatonsu ba.

"Wato kin zubar mata da 'ya'ya don a tafa miki?"

"Yaya, haka suke so."

"Ke fa, haka kike so?"

Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ba da ita ba. Na kashe wayar na tura ta ƙasan akwati. Kwanakin farko hannuna ya yi ta lalube kamar na yi ɓatan wani abu. Daga baya na soma shiga gidan maƙwabciyarmu, wadda banda ce sana'arta. Na ga yadda take lanƙwasa tarwaɗa ta soke ta da tsinke, da yadda hayaƙi ya rine mata ido. Na sayi littafin rubutu na maido da jarumata ƙauyensu, da yaranta, da kaushinta.

Sai da aka yi arba'in na kunna wayar. Saƙonni rututu, amma ba wanda ya tambayi lafiyata. Wai na raina musu hankali. Abin da ya fi ƙona min rai, shugabar zauren ta miƙa wa wata labarin ta ƙarasa, har an ɗaura wa matar aure da wani attajiri.

Na rubuta wa shugabar: "Hajiya, da izinin wa?"

Ta ce ai labari na masu karatu ne.

Nan take na fice daga zauren. Shekara guda na yi ina rubuta nawa a takarda, kuma ban nuna wa kowa ko shafi ɗaya ba sai da na kai ƙarshe.