Yaya Ya Rage Masa Shan Mai

Har gobe idan na ji bakanike ya ce wa mai babur ya rage masa shan mai, sai raina ya ɓaci. Ba laifin bakaniken ba ne, abin da aka kawo masa yake yi. Ni ne dai maganar take sosa wa inda yake yi mini ciwo.

A shekarun da nake zaune gidan yayana a unguwar Gwallaga, ina koyarwa a wata firamare, akwai wani fili a bayan gari inda muke tseren babur ranar Lahadi bayan La'asar. Ba wani abin a zo a gani ba ne. Tsofaffin tayoyi muka jera suka zama kwana-kwana, ga miƙaƙƙen layi guda mai tsawo, a zagaya sau goma. Doka ɗaya ce: babur mai silinda ɗaya, irin na 'yan acaɓa. Ka yi wa injinka duk abin da ka iya, amma kada ka ɗora babba. 'Yan GRA sukan zo da nasu a bayan a-kori-kura, da hular kwano mai ƙyalli. Mu 'yan cikin gari kuwa, babur ɗin da ya kai mu aiki ran Juma'a shi ne zai yi tsere ran Lahadi.

Sau shida na shiga, ban taɓa wuce na biyar ba. A kwana babu mai kama ni, wannan kowa ya sani. Amma da an fito miƙaƙƙen layin sai a riƙa wuce ni ɗaya bayan ɗaya, ina kwance a kan tanki ina murɗa totur har wuyan hannuna ya yi tsami. Wannan abu ya daɗe yana ci mini rai.

Da aka sa ranar aurena, Inna ta kira ni ɗakinta ta ce ba za ta ɗauko 'yar mutane ta kai wa mai karyayyar ƙafa ba, in bar wasan nan. Na yi ta magiya har ta yarda da tsere guda. Ta ɗaga yatsa ɗaya ta riƙe shi a sama har sai da na ce na ji. Wata guda ke nan ya rage mini in sa babur ɗin nan ya yi abin da bai taɓa yi ba.

Kullum na taso daga makaranta sai zaure. Na cire fitila, na cire madubi, na kwance mazaunin kaya da murfin sarƙa, duk abin da yake da nauyi ba ya ƙara gudu na jingine shi a bango. Na sauke kan injin na bi hanyoyin iska da samfefa har fatar yatsuna ta saɓule. Na goge bawul, na sa sabon ringi, na canja farantin sarƙa na baya da mai ƙarancin haƙora. Matar yaya ta gaji da tsintar noti a kwanukanta har ta ware mini tsohon faranti guda ta ce in ya ɓace kada in sake dubanta. Salansa kuwa na kai aka yanke aka fitar da 'yan cikinsa. Ranar da na fara tayar da babur ɗin, limamin ƙaramin masallacin layinmu ya tare ni bayan salla ya ce, cikin ladabi, jama'a na so su riƙa jin karatu.

Duk wannan mai sauƙi ne. Wahalar tana cikin kafireto. Injin da ka buɗe wa hanyar iska sai ka ƙara masa mai, in ba haka ba zafi ya kashe shi. Abin da ke auna man kuwa wani ɗan ƙarfe ne mai huda a tsakiya, bai kai ƙwayar gyaɗa ba, ana ce masa jet. Babbar huda nake nema. Na zaga shagunan kayan babur har na dangana da wani ɗan kudu da ke da shago kusa da Kasuwar Muda Lawal. Ya dube ni ya sake dubana.

"Kowa yana zuwa nan yana nema ƙarami," in ji shi. "Kai kaɗai kana nema babba. Babanka yana da gidan mai ne?"

Ba shi da shi, amma ya ce zai aika a zo da shi. Sati biyu ina sintiri, kullum kaya suna hanya. Da haƙurina ya ƙare na ɗauki allura na ce bari in faɗaɗa hudar da kaina. Na lalata guda biyu. Na farko babur ya riƙa tari yana hayaƙi kamar murhun ɗanyen itace, na biyu ko tashi ya ƙi. Ranar na yi jifa da sifana har ta ɓantare simintin zaure.

Da kayan suka iso, guda uku ne, kowanne da girman hudarsa. Gwajin iri ɗaya ne kuma babu gajeriyar hanya. In fita bayan gari in buɗe totur gaba ɗaya, in kashe inji ana cikin gudu, in tsaya in kwance fulogi da zafinsa in duba bakinsa. In ya yi fari, injin na jin yunwar mai. In ya yi baƙi, man ya yi yawa. Launin ƙuli-ƙuli nake nema. Na ƙone yatsu ban san iyaka ba, na tura babur a rana ya fi a ƙirga. Ranar Alhamis ta ƙarshe na samu. Na tsaya bakin hanya ni kaɗai ina kallon fulogi ina dariya kamar taɓaɓɓe. Da na koma gida na ari jan farcen matar yaya na ɗiga a kan kowane sukurun saitin kafireto, don ko ƙuda ya taɓa in gane.

Yanzu sai in faɗi wane ne yayana. Shekara goma sha biyu ya ba ni, shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, hatsi yake sayarwa a Muda Lawal. Mutum ne da yake kashe babur a kowace gangara. A wurinsa babur mai kyau shi ne wanda galan guda zai kai shi mako. Duk watan nan yana wucewa ta zaure yana ganin ina ɗura fetur safe da yamma, bai taɓa yi mini faɗa ba, sai dai ya girgiza kai ya ce babur ɗin nan ba shi da lafiya. Na zaunar da shi na yi masa bayanin iska da mai da zafi. Ya yi ta gyaɗa kai, irin gyaɗawar da ake yi wa mai zazzaɓi idan yana surutai.

Ranar Asabar aka tura ni gaisuwar dangin amarya a wani ƙauye, na wuni can. Na dawo da magariba na tarar da babur a inda na bar shi, an ma wanke shi fes. Na tsuguna na duba jan farcen, yana nan yadda na ɗiga. Na ji daɗi, na ce Yaya ya fara sauko da kai. Ban tayar da shi ba saboda liman. Washegari kuma na tafi filin a hankali, ina lallaɓa totur don kada in gajiyar da inji, kuma a irin wannan tafiya babbar huda da ƙarama duk ɗaya suke.

Ina isa na hango shi. Yaya, da farin kaftani da hula, tare da abokansa biyu na kasuwa. Bai taɓa taka filin nan ba. Ya ɗago mini hannu yana murmushi har kunne. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa.

Aka sauke tuta. Na shiga kwanar farko na uku, na fito na biyu. Da muka hau miƙaƙƙen layin na kwanta na jira a fara wuce ni kamar kullum, babu wanda ya wuce. A zagaye na uku na sha gaban wani ɗan GRA mai jar hula, gabana ya zama babu kowa sai fili. Ban taɓa ganin filin nan ba tare da ƙurar wani ba. A na huɗu na fara jin zafi yana dukan ƙaurina fiye da yadda na saba, ga wata 'yar ƙara a cikin inji kamar tsakuwa a gwangwani. Na san ƙarar, na san abin da take nufi. Na ce ƙarya ne, ni na saita shi da hannuna, na ƙara murɗawa.

A zagaye na shida, tsakiyar miƙaƙƙen layin, tayar baya ta cije. Allah ya taimake ni na damƙe kuloci kafin ya yar da ni. Na gangara gefe na tsaya jikin tayoyi, suka wuce ni dukkansu, har da wanda kullum shi ne na ƙarshe. Na taka kik, ko motsi. Fistin ya kama saboda zafi.

Na naɗe hannu da riga na kwance fulogi. Fari fat kamar allin da nake rubutu da shi, bakinsa ma ya narke. Nan a ƙasa na kwance gindin kafireto, fetur na bin hannuna, na zaro jet. Ba nawa ba ne. Hudarsa ko ta wanda babur ya zo da shi daga kamfani ba ta kai ba.

Ina riƙe da shi a tafin hannu Yaya ya iso yana haki, abokansa na biye. Ya shafa kafaɗata, ya duba gwiwoyina, ya yi hamdala. Sai ya ga abin da ke hannuna, fuskarsa ta washe. Ya ce ai shi ne. Jiya da na tafi ya zauna ya yi tunani, zagaye goma ba wasa ba ne, yadda babur ɗin nan yake zuƙar mai tsoronsa kada ya ƙare mini a gaban mutane. Shi ne ya tura shi har wurin bakanikensa na bakin kasuwa ya ce a rage masa shan mai, ya kuma tsaya a kansa kada ya taɓa inda ƙanensa ya sa jan alama. Ya laluba aljihu ya fito da wata 'yar takarda a ƙudundune ya miƙo mini.

"Ga tsohon," ya ce. "Bakaniken ya ce hudar ta cinye, ta yi faɗi da yawa. Ya yi mamakin yadda kake yawo da shi a haka."

Na buɗe takardar. Jet ɗina ne, wanda na yi sati biyu ina jira.

Abin da ya taso mini a lokacin, da na bar shi ya fito, da har yau ana ba da labarinsa a Gwallaga. Amma ga abokansa tsaye suna gyaɗa kai suna yaba irin kulawar yaya da ƙane, ga shi kansa yana dubana yana jiran in ce ya kyauta. Mutumin da ya biya mini makaranta, ya tura babur a ƙasa daga Gwallaga har kasuwa saboda ni. A gidanmu ba a ɗaga wa babba murya, balle a gaban baƙi. Na haɗiye, na ji yana sauka kamar garwashi. Na ce na gode, Yaya.

Ya ƙi hawa a-daidaita-sahu ya koma gida, ya ce tare za mu tura. Ni ina riƙe da kan babur, shi yana turawa ta baya, farin kaftaninsa duk ya yi baƙin mai. Yana ta ba ni haƙuri, wai inji ɗan ƙaddara ne, kuma kowa ya ga ni ne a gaba. Mun kusa shiga gari ya ce in tsaya. Ya buɗe murfin tanki, ya girgiza babur ɗin, ya kanga kunne.

"Ka ji ko? Ko rabi bai sha ba."

Na ce haka ne, Yaya.

A gida Inna ba ta tambayi wanda ya ci ba. Ƙafafuna ta duba, sannan ta ɗaga yatsan nan nata ta ce shi ke nan ko. Na ce shi ke nan. Ban sake taka filin ba.

Bayan biki na sa sabon fistin, na mayar da fitila da madubi da mazaunin kaya, na sayi salansa mai shiru. Nawa jet ɗin yana cikin takardarsa a ƙasan akwati, ban taɓa gaya wa Yaya abin da ya kashe injin ba. Ƙaramin nasa na bari a ciki, da shi na yi shekaru ina zuwa makaranta ina kai maiɗakina unguwa. Gaskiya ba ya shan mai.