Isiyaku Bai Ɗauki Fitilar Tsohuwa Ba

Shekara bakwai ke nan da aka kashe Isiyaku a ƙofar ɗakin mahaifiyarsa, a wani ɗan ƙauye da ke bayan Pauwa. Duk sanda kaka ta zagayo sai in ce bana zan rubuta wani abu a kansa, in ɗauki biro, in sake ajiyewa. Masu tunawa da mamaci a jarida sun saba lissafo masallatan da ya gina da marayun da ya riƙe. Isiyaku bai gina komai ba. Mai gyaran rediyo ne a Ƙanƙara, ɗan Gwaggona, wato taubashina, kuma babban abin da ya bar mini shi ne wata gardama da muka daɗe muna yi a kan wani wasan gem da ake bugawa a talabijin. Wanda ya ga abin bai kai a buga a jarida ba, ya juya shafi, ba zan ji haushi ba.

Abin ya faro ne a shekarun da kuɗin fetur ya sake malalowa. Mu a ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ba mu ga kuɗin da idonmu ba. Abin da ya iso mana shi ne babura, da ƙananan janareto, da tsofaffin kayan lantarki na gwanjo da masu su suka gama yayinsu. A cikin irin wannan kaya wani ya kawo wa Isiyaku injin gem ya gyara, bai kuma dawo ya karɓa ba. Akwai kaset guda maƙale a jikinsa, ba na ƙwallo ba, ba na dambe ba. Irin wasan nan ne mai dogon labari, inda ake ba ka jarumi ka zama shi: ka bi gari gari, ka yi magana da mutane, ka tara abokan tafiya, ka yi faɗa da dodanni, ƙarfinka yana ƙaruwa kaɗan kaɗan. Mutanen ciki ba su fi ƙwayar gyaɗa girma ba a fuskar talabijin, kuma duk maganarsu a rubuce take da Turanci.

Turancin Isiyaku bai wuce wanda ake rubutawa a bayan rediyo ba. Ni kuma lokacin malamin gona ne, ina zagaye ƙauyuka a babur. In na dawo bayan la'asar sai in biya shagonsa, ya tayar da janareto, ya riƙe hannun gem, wato abin latsawa, ni in zauna a benci ina karantawa ina juyawa da Hausa. In sarki ya yi magana, ni ne. In mai sayar da takobi ya yi, ni ne. Har muryar mata nakan yi, masu kallo su yi ta dariya, Isiyaku ya ce dama tun muna yara ya san muryata ta fi dacewa da gaban murhu.

Isiyaku yana da ra'ayi a kan yadda aka tsara wasan, kuma ba ya ɓoye shi. Yana son faɗan ciki, domin bi da bi ake yin sa. Ka kai sara, ka tsaya, dodo ya kai nasa, shi ma ya tsaya. Yakan ce ko dodo a wasan nan an koya masa jiran layi, abin da ya gagari direbobin tasha. Yana son yadda ba a nuna maka hanya, sai ka bi mutanen gari ɗaya bayan ɗaya ka tambaya kafin ka san inda za ka dosa. Yana son yadda mai takobi, duk ƙarfinsa, ba ya kai labari in babu mai magani a bayansa. Har ma yana son abin da ke ba kowa haushi, wato ba ka da ikon ajiye wasan a inda ka ga dama, sai ka lallaɓa ka kai masauki, in ka mutu a hanya ka dawo baya. Ya taɓa buɗe kaset ɗin ya nuna mini wani ɗan batir mai kamar maɓallin riga. Ya ce shi ke riƙe da duk tafiyar da muka yi, kuma ranar da ya mutu komai zai goge.

Abu guda ne ya tsaya masa a wuya. A wasan, jarumi yana shiga gidan kowa kai tsaye. Babu zaure, babu sallama, babu jiran a ce shigo. Ya wuce mai gida a tsaye, ya leƙa tukwane, ya buɗe akwati, ya kwashe abin da ya samu, mai gida kuma ya ce masa yau garin da daɗi. Ran da muka fara ganin haka Isiyaku ya ajiye hannun gem a cinyarsa ya ce, "Wanga ba jarumi ba ne, ɓarawo ne da takobi." Na ce masa ai don ka ɗauka aka ajiye, haka masu wasan suka tsara. Ya ce to su suka tsara, amma hannunsa ne a kan abin latsawa.

Daga ranar ya kafa wa kansa doka. In jaruminsa ya iso ƙofar gida sai ya tsayar da shi, ya yi sallama da bakinsa, ni kuma in amsa a madadin mutanen gidan, sannan ya shiga. Ya gaisa, ya ji abin da za su ce, ya fito bai taɓa ko tsinke ba. Wannan ya sa wasan ya yi masa wuya ninki biyu. Maganin da wani zai tsinta a akwatin mutane, shi sai ya yi ta faɗa da ƙananan namun daji kafin ya iya saye. Na yi masa tsiya har na gaji. Na ce shi kaɗai ne a duniya yake jin kunyar ƙwayar gyaɗa.

A haka muka lallaɓa har wani gari a bakin dutse. Hanyar gaba ta bi ta cikin kogo, kuma duk sanda jarumi ya sa ƙafa sai rubutu ya fito cewa duhu ya yi yawa, a mayar da shi waje. Fitila ake buƙata. Fitilar kuwa tana cikin akwati a ɗakin wata tsohuwa a ƙarshen garin, tsohuwar tana tsaye kusa da akwatin. Magana guda aka sa mata a baki, ko sau nawa ka je: "Na ajiye fitilar ɗana, zai dawo ya ɗauka." Ni na yi ta faɗin wannan magana da muryar tsohuwa har na daina duba rubutun.

Isiyaku ya ƙi yarda cewa babu wata hanya. A ganinsa mutanen da suka yi tunanin koya wa dodo jiran layi ba za su tilasta maka satar kayan tsohuwa ba. Lallai sun ɓoye ɗan nata a wani wuri, ka nemo shi, ita da kanta ta ba ka aron fitilar. Ya bi kowane lungu na dajin da ke kewaye da garin. Ya koma garuruwan baya ya sake tambayar kowa. Ya sayi kaya ya kai mata, amma ba a yi wurin latsawa na bayarwa ba, balle na roƙo. Jaruminsa ya yi ƙarfin da dodannin yankin ba sa jure masa sara biyu, ga shi kuma ya kasa wuce ɗakin tsohuwa. Masu kallo suka gaji, suka koma wani shago da ake buga ƙwallo.

Wata rana wani direba mai suna Hamisu, ɗan Sabuwa, wanda ya taɓa ganin an gama wasan a birni, ya biyo shagon. Ya rantse babu wani ɗa, buɗe akwatin kawai ake yi. Isiyaku ya fita duba rediyon wani a bakin hanya, Hamisu ya ɗauki hannun gem, ya shigar da jarumi, ya buɗe. Sai wani ɗan kiɗa na murna ya tashi daga talabijin, kamar an busa wa mutum algaita. Isiyaku ya shigo a daidai lokacin. Ya karɓi abinsa, ya matsar da jarumi kusa da tsohuwar, ya latsa. Rubutu ya fito. Ya dube ni, na karanta, amma wannan karon da muryata: "Na ajiye fitilar ɗana, zai dawo ya ɗauka." Ga akwati a buɗe a bayanta, babu komai a ciki.

Ya miƙa hannu ya zare wayar wuta kafin a kai masauki, don kada kaset ya riƙe abin da aka yi. Ya ce, "Ka ji ko? Kiɗa suka yi mashi. Ita ko ba su ma bari ta sani ba." Da aka sake kunnawa fitila ta koma akwatinta. Har muka rabu da wasan jaruminsa bai wuce wannan gari ba.

Bayan haka kuɗin fetur ya janye kamar yadda ya zo, ba tare da ya gaya wa kowa ba. Wayar salula ta kashe kasuwar rediyo. Isiyaku ya rufe shago ya koma ƙauye wurin Gwaggo, ya kama noman gero da dawa, ya tafi da injin a cikin buhu. Sauran labarin duk wanda ke ƙasarmu ya san irinsa. Da rana tsaka 'yan bindiga suka zo a kan babura, bayan an gama shigar da hatsi. Suka buɗe rumbu, suka kora shanu, suka nufi ɗakin Gwaggo. Isiyaku ya tsaya a ƙofar, hannunsa babu ko sanda. A nan suka harbe shi, suka tsallaka, suka shiga.

Kada wani ya ce na ɗora wa wasan talabijin laifi. Waɗanda suka kashe shi ba na jin sun taɓa riƙe hannun gem. Abin da ke cina a rai daban ne. Na daɗe ina ce masa wasa ne kawai, shi yana cewa masu wasan sun yi kuskure. Yau na fi zaton ba kuskure suka yi ba, duniya suka kalla suka kwafa yadda take: mai makami ya shiga inda ya so, mutanen ƙauye kuma a tsayar da su wuri guda, a ba kowa magana ɗaya ya yi ta maimaitawa. Manya sun zo mana jaje da jerin motoci. Sun tsaya gaban Gwaggo, sun ji abin da ta ce, an ɗauki hoto, sun wuce gari na gaba. Ban ga wanda ya dawo neman jin sauran maganarta ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga wasannin da ake yi a waya yanzu. An zana su da kyau, har gashin doki kana gani. Amma kibiya ce ke jan ka daga nan zuwa can, ba ka buƙatar tambayar kowa hanya. Kaya kuwa ba sai ka buɗe akwati ba, da ka gifta suke shigewa jakarka da kansu. Ina jin zai ce tsohon wasan ya fi mutunci, domin ko ba komai ya bar maka hannunka, kai za ka latsa, kai za ka san ka ɗauka. Zai faɗi haka, ya kuma ƙara da zagin muryata.

Gwaggo tana gidana a Ƙanƙara tun daga wancan lokaci. Ba ta rikice ba, tana sallarta, tana tsince shinkafa. Amma duk wanda ya shigo gaishe ta, in an gama gaisuwa, magana guda take yi: "Ko sallama ba su yi ba." Ba ta maganar hatsi, ba ta maganar shanu.

Injin yana cikin akwatinta a ƙarƙashin gado, tare da hular Isiyaku da wata tsohuwar rigarsa. Su kaɗai ne abin da maharan suka raina suka bari. Ina son in kunna injin, ba don in gama wasan ba, don in ga jarumin nan tsaye inda Isiyaku ya bar shi, da sunansa da ya rubuta da hannunsa a kan allo. Kuma ban manta da ɗan batirin nan ba. Kowace shekara da ta wuce yana ƙara mutuwa, wataƙila ma ya riga ya mutu. Na roƙe ta sau ɗaya, na ce, "Gwaggo, ki ba ni aron injin nan in duba wani abu, in maido maki." Ta ce, "Kayan Isiyaku ne, a bar mashi abinai."

Akwatin ba shi da kwaɗo. Gwaggo takan fita barka ko gaisuwar mutuwa ta daɗe ba ta dawo ba, kuma gidana ne, babu mai tambayata. An sha ba ni shawarar in ɗauka in duba in mayar, ba za ta taɓa sani ba. Nakan tuna cewa waccan tsohuwar ma ba ta sani ba.

Isiyaku bai bar gida ba, bai bar suna ba, ƙauyen da ya mutu dominsa ma yau ciyawa ta cinye shi. Abin da ya rage nasa ɗan kaɗan ne, kuma a wurina ya rage. Kowace safiya nakan tsaya a ƙofar ɗakin Gwaggo in yi sallama, in jira ta amsa. In shiga in durƙusa in gaishe ta, ta faɗi maganarta, in ce Allah ya ji ƙansa. Ina hango gefen akwatin a ƙarƙashin gado. Sai in tashi in fito.